Kan Famfo Mai Ƙararrawa

Da sunan Allah nake ci gaba, shi nake roƙo ya tsare ni daga ƙari ko ragi a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya.

Kun taso kun tarar ana faɗi a dangi cewa babanku da yayansa, Baffa Sule, sun taɓa daina cin abinci tare saboda famfo. Wasu da dariya suke faɗa, wasu su ce taurin kan babanku ne, na ma taɓa jin wata a gidan biki tana cewa ni na zuga shi. A cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage, don haka zan faɗa muku yadda aka yi.

A lokacin muna zaune a babban gida cikin garin Haɗejiya, mu da Yaya Sule da iyalinsa, da kakarku Inna a ɗakinta na tsakiya. Yaya Sule shi ne babba, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma mutum ne mai son baƙi, zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Babanku kuwa da damina yana fadama wurin shinkafa, da rani ya sayo bandar kifi a Kirikasamma, ya kai Malam Madori ya hau jirgin ƙasa da ita zuwa Kano. Bai cika magana ba. In ya shigo gida sai ya zauna a kan turmi yana kallon abin da kowa ke yi, har ka ɗauka hankalinsa ba ya wurin, alhali babu abin da ke wuce shi. Kai Usman ka fara gudu a lokacin, ke Binta kina ciki.

Kafin wannan shekara na yi wani hatsari a madafi. Ina suyar kifi kaskon ya goce daga kan murhu, tafasasshen mai ya kwaro mini a hannun dama. Ƙunar ta warke, amma fatar ta tattare, yatsu uku suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Ina iya riƙe muciya, ina iya daka in na daure, amma duk abin da ke bukatar a matse a murɗa ya fi ƙarfina. Na ji kunyar hannun nan ƙwarai. Ina yarinya, ba na so a riƙa ce mini mai shanyayyen hannu, ba na kuma so a ɗauke mini ranar girkina don tausayi. Sai na koyi ɓoye shi cikin mayafi. Matan gida sun sani, amma na roƙe su kada maganar ta fita daga madafi, na roƙi babanku haka shi ma. Yaya Sule ya san na ƙone, ya yi mini sannu daga bakin ƙofar ɗakina, ya ɗauka an warke an wuce wurin.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rijiya. Rijiyar gidanmu mai zurfi ce, igiyar kuma ta kaba, tana cin sabuwar fata kamar zarto. Wata safiya na gama jan ruwa na shige ɗaki, da na leƙo sai na ga babanku tsaye a bakin rijiyar, ya ɗago igiyar gugan yana duba inda jini ya ɓata ta. Ya daɗe yana kallo. Ya naɗe ta ya rataye, ya fita.

A shekarar ne kuɗi suka fara yawo a gari. Ma'aikata suna sayen babur da rediyo, ana ta rufin kwano, hukumar ruwa kuma ta kawo bututu har layinmu. Aka ce duk mai iko a ja masa, amma kan famfo ɗaya kawai ake ba kowane gida. Babanku ya daɗe yana tanadin sayen babur, domin tafiyar fadama a tsohon kekensa ta fara gajiyar da shi. Ya je ya sami Yaya Sule ya ce shi zai ɗauki nauyin jan ruwan. Yaya Sule ya yi murna, ya sa masa albarka. A ƙofar ɗakin Inna suka yi maganar bayan la'asar, ni ina madafi ina jin su.

“Sai a kafa shi a ƙofar gida, gefen dakali,” in ji Yaya Sule. “Masallata su yi alwala, mai wucewa ya sha. Ladan ya isa har kabarin Baba.”

“Yaya, ni a madafi nake so a sa shi.”

“A ina?”

“A madafi. Inda ake aikin ruwan.”

Yaya Sule ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga babanku bai yi dariya ba sai ya gyara zama.

“Haruna, gidan wa ka taɓa ganin an kai famfo ɗakin girki? Mata ga rijiya nan a gabansu. Tun kakanninmu da ita ake girki.”

“Rijiyar ta yi ƙasa, Yaya. Su ma masu ƙishirwa ne. Ƙofar gida kuma ba za ta rasa ruwa ba, na ɗaukar maka alkawari. Kullum zan cika randunan da kaina.”

“Da kanka? Da gemunka za ka riƙa ɗaukar garwa?”

“Da kaina.”

Inna ta ce su bar maganar haka, kowa ya je ya yi tunani. Amma ni na san an gama, domin babanku ba ya faɗin abu sai ya riga ya auna shi. Ina so ku fahimci cewa Baffanku ba mugun nufi gare shi ba. Abin da ya nema alheri ne, kuma yadda kowa ke yi ke nan a layinmu. Abin da ya yi masa ciwo shi ne ƙaninsa ya musa masa a gaban mahaifiyarsu, bai kuma kawo wani dalilin da shi yake ganin ya kai ba.

Masu aikin famfo suka zo suka haƙa rami daga titi, ya bi ta zaure, ya ratsa tsakar gida har jikin bangon madafi. Suka ce saura kai, in ana so su kawo irin wanda suke sa wa kowa. Babanku ya ce su toshe bakin bututun tukuna, zai nemo da kansa. Ya tafi Kano da kwandunan banda, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ranar da ya dawo ya kira ni, ya shimfiɗa buhu a ƙofar ɗakina, ya kwance wani ƙunshi. Kawunan famfo ne guda uku. Ya ce mai shagon tsohon abokin hulɗarsa ne, ya yarda ya taho da su a gwada, a mayar da waɗanda ba a so. A wancan zamani ba ma karanta sunan kamfani, da hoton da ke jikin kaya muke kiransu. Na farko mai tambarin tauraro ne, fari fat yana ƙyalli, kana ganin fuskarka a jikinsa, kansa dunƙulalle kamar ƙwan zabo. Shi ne ake yayi, shi ke ƙofar gidan duk wanda ya ja ruwa a layinmu. Na biyu ƙarami ne mara nauyi, babu ko tambari, shi ya fi arha. Na uku na tagulla ne, ja-ja-ja, ba ƙyalli, ga nauyi kamar dutsen niƙa ƙarami. Kansa ƴar sanda ce a gicciye, a gefensa kuma an buga hoton ƙararrawa.

Ban ɓoye ba, mai tauraron na ɗauka. Ina juya shi ina tunanin yadda mata za su shigo su gan shi a madafina.

“Wannan ya yi kyau, Malam,” na ce.

“Ya yi kyau,” ya ce. “Ɗauko man gyaɗa ki shafa a hannunki.”

“Mai kuma?”

“Ai ba da busasshen hannu za ki riƙa taɓa shi ba. Daga kan tukunya za ki zo, ko daga wanke-wanke.”

Ya zo da guntun bututu. Ya ɗaura mai tauraron a kai, ya matse bututun tsakanin gwiwoyinsa, ya ce in murɗa da hannun dama. Na kama, ya sulluɓe. Na sake kamawa, yatsun suka ƙi zagaye shi, fatar ta ɗaure har na ji zafi a gwiwar hannu. Ya cire ya ɗaura ƙaramin. Shi ya murɗu, amma ƙarfen kansa siriri ne, ya shige mini cikin tabon. Da ya ɗaura mai ƙararrawar sai ya ce kada in kama, in tura sandar da gefen tafina kawai. Na tura. Ya juya a hankali, sumul, kamar an shafa masa man shanu. Na mayar da shi ya rufe. Na sake buɗewa. Na yi ta yi kamar yarinya ta sami abin wasa, yana riƙe da bututun yana kallona.

Sai a sannan ya ba ni labarin abin da ya tsayar da shi a Kano. Ya ce masu shaguna kowa nasa yake yabo, don haka ya bar su ya nemi inda masu gyaran famfo ke zama. A bayan rumfarsu akwai tulin matattun kawuna da aka ciro daga gidajen mutane. Ya nemi izini ya tsuguna ya tona tulin nan kamar mai zaɓen kifi. Ya ce masu tauraro sun fi yawa, ƙyallin ya ɓare, cikinsu wani toka-tokan ƙarfe ne da ke gutsurewa. Marasa tambarin kuwa ba a magana. Mai ƙararrawa guda ɗaya ya gani, shi ma mota ce ta taka shi. Ya ɗauki sifana ya kwance kan mai ƙararrawar a gabana, ya nuna mini wata ƴar roba a ciki.

“Wannan ce kawai ke cinyewa. In ta cinye sai in yanko wata a tsohon tif ɗin keke. Mai tauraron kuwa a rufe yake, in ya mutu ya mutu.”

“To tsada fa?”

“Ya fi su tsada nesa ba kusa ba.”

“Babur ɗin fa, Malam?”

“Keken bai ce ya gaji ba,” ya ce. “Ke za ki yi aiki da shi, Hajara. Wanda kika ce shi za a sa. In ma mai tauraron kike so, sai in ɗaura masa ƙyalle ya riƙa kamuwa.”

Na ƙara kallon mai tauraron, raina yana biyawa. Sannan na tura masa shi, na jawo mummunan na ajiye a gabana.

Ranar da aka ɗaura shi ruwa ya zubo a madafi, Inna ta tara hannu ta sha ta yi addu'a, matar Yaya Sule ta rangaɗa guɗa. Yaya Sule bai shigo ba. An ce da aka kwatanta masa kan famfon sai ya ce, ashe ma a kan wani jan ƙarfe mai kama da na gidan yari aka hana masallata ruwa. A ranar nan, da aka kai musu tuwo zaure, ya sa aka raba kwano biyu. Tun suna yara a kwano ɗaya suke ci. Babanku ya ɗauki nasa ya ci a gefe, ya gama ya yi masa sai da safe kamar kullum.

Daga nan kowace safiya, in an dawo daga masallaci, babanku zai rataya garwa biyu a sanda, ya cika a madafi, ya ratsa tsakar gida da zaure ya juye a randunan ƙofar gida, ya yi ta komowa har su cika. Mutum mai iyali, ɗan kasuwar da ake ganin girmansa. Masu zaman dakali suka sa masa suna mijin-ta-ce. Wani in ya hango shi sai ya ɗaga murya ya ce, “Mai ruwa, kawo nan!” a yi dariya. Abokansa suka sayi babura suna wuce shi a hanyar fadama, yana tafe a kan keken da sarƙarsa ke zamewa. Bai taɓa shigowa ya huce a kaina ba. Kullum kuma sai ya durƙusa ya gaida yayansa, Yaya Sule ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. Abin ya dame ni har na kasa daurewa.

“Malam, ka faɗa wa Yaya maganar hannuna,” na ce masa. “Na janye roƙon da na yi. In ya sani zai sauko.”

“Bari,” ya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Daminar da ta biyo ba ta yi kyau ba. Kogi bai cika ya malala fadama yadda ya saba ba, shinkafa ta tsaya a gwiwa ta bushe, masunta suka riƙa dawowa da koma babu komai. Da rani ya tsananta rijiyarmu ta koma laka. Mutanen ƙauye suka fara shigowa gari da ƴan dabbobin da suka rage musu. Ruwan famfo ma ya zama sai da safe ake sakinsa na ɗan lokaci, a ɗauke. Kowa ya ruga kan famfunan ƙofar gidaje, ana ture-ture, ana murɗawa da ƙarfi. Ɗaya bayan ɗaya masu tauraron nan suka saki. Wani ya ƙi rufuwa aka ɗaure shi da roba, wani kan ya fita a hannun mutum, ruwa ya yi ta zuba a kwata ana kallo. Ma'aikatan ruwa suka bi layi suna toshe duk wanda ke yoyo.

Sai mata suka juyo gidanmu. Matan aure da ba sa iya tsayawa cikin maza a titi, tsofaffi, masu jego, da Fulani masu tallar nono da yanzu ƙoransu babu nono sai neman ruwa. Suna shigowa kai tsaye madafi, inda babu namijin da zai ture su. Inna ta sa kujera a bakin ƙofa tana tsara layi da sandarta. Ni ke tsaye a kan famfon, in buɗe in rufe tsakanin tulu da tulu don kada ɗigo ya faɗi ƙasa, ke Binta kina bayana a goye. Kan famfon nan ya sha hannu a ranin nan fiye da yadda wani ke sha a shekaru, bai taɓa lalacewa ba. Sau ɗaya ya fara ɗiga, babanku ya kwance shi ya sa sabuwar roba kafin a saki ruwan gobe. Sandar kansa ta goge har ta fara ƙyalli don kanta.

A tsakiyar zafin nan zazzaɓi ya kwantar da babanku. Ya yunƙura zai ɗauki garwa jiri ya mayar da shi, Inna ta rantse ba zai fita ba. Ranar randunan ƙofar gida suka wayi gari a bushe, ga baƙi daga ƙauye zaune a inuwar zaure da yara suna kuka. Ina kan famfo sai na ji sallamar namiji a tsakar gida. Mata suka dare suna jan mayafi. Yaya Sule ne, da sanda a kafaɗa da garwa biyu. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganinsa a ƙofar madafi ba. Ya tsaya yana kallon layin tuluna da ya miƙe har bakin rijiya, yana kallon matan, da yawansu matan abokan zamansa ne.

“Kullum haka ake yi?” ya tambayi Inna.

“Kullum,” ta ce. “Kai dai kana waje.”

Ya ajiye garwar a ƙarƙashin famfon. Hannuna na hagu yana tallafe da goyo, mayafina ya zame, babu yadda zan yi. Na sa hannun dama na tura sandar. Ruwa ya fara zuba, amma shi ba ruwan yake kallo ba.

“Hajara, mu ga hannun nan.”

Na miƙa. Ya dubi yatsun da suka lanƙwashe, da farin tabon, da inda igiya ta bar sawunta.

“Tun yaushe yake haka?”

“Tun ƙunar nan, Yaya.”

“Da shi kike jan guga?”

“Da shi.”

“Haruna ya sani?”

“Ya sani.”

Garwar ta cika ta fara tumbatsa, na rufe. Ya sa hannunsa ya taɓa sandar famfon, ya tura ta da gefen tafinsa yadda ya ga na yi, ya mayar. Sannan ya ɗauki garwar ya fita. Ya yi ta komowa har randunan suka cika, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da ya gama sai ya wuce ɗakin babanku ya yi sallama. Na kai musu kunu na tarar ya zauna a bakin gado.

“Kai wane irin mutum ne?” yake cewa. “Ka bar ni ina ta fushi kamar mahaukaci, magana ɗaya za ka yi.”

“Na yi maganar, Yaya. Na ce su ma masu ƙishirwa ne.”

Yaya Sule ya girgiza kai. Ya karɓi kwanon kunun daga hannuna, ya kurɓa, ya tallafo kan ƙaninsa ya ba shi sauran. Har babanku ya warke shi ya riƙa ɗaukar garwar, bayan ya warke kuma suka riƙa yi tare, ɗaya ya ɗebo ɗaya ya juye. Babu wanda ya sake yin dariya a dakali, don babu mai iya yi wa Yaya Sule dariya a ƙofar gidansa.

Babanku bai sayi babur ba sai bayan shekaru, domin farin ya cinye abin da ya rage masa. Da ya sami sauƙi sosai, wata rana yana zaune yana yanka roba a tsohon tif don ajiya, na tambaye shi abin da ya daɗe a raina. Na ce tunda na ba shi izini, me ya hana shi faɗa wa Yaya tun farko, ya hutar da kansa duk wannan wulaƙanci?

Bai ɗago ba, ya ci gaba da yankansa.

“Hajara, kifi nake bajewa a faifai mutane su duba su taya,” ya ce. “Ba zan ɗauki hannunki in kai zaure ba.”

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Yaya Sule da Inna, ya shayar da su daga ruwan da ba a ɗaukewa.